Caps Lock

Caps Lock maɓalli ne a allon madannai na kwamfuta, yana gefen hagu, tsakanin Tab da Shift. Idan aka kunna shi, haruffa suna fitowa manya har sai an sake danna shi. Ya samo asali daga makullin Shift na keken rubutu, wanda ke riƙe Shift a danne don mai bugawa ya huta da yatsa.

Caps Lock da gajerun hanyoyi

A manhajoji irin su Microsoft Word da Notepad, Caps Lock ba ya shafar umarnin da ake bayarwa da Ctrl. Ctrl+C kwafa yake yi, Ctrl+S adanawa, ko fitilar maɓallin tana kunne ko a kashe, domin manhajar tana duba maɓallin da aka danna ne, ba harafin da zai fito ba. Haka kuma ba ya maye gurbin Shift: wanda ke son Ctrl+Shift+S dole ya danna Shift ɗin da kansa. A Word, rubutun da ya fito da manyan haruffa bisa kuskure ana gyara shi da Shift+F3, ba sai an sake bugawa ba.

Inda ake shan wahala shi ne vi, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976, da Vim na Bram Moolenaar, wanda ya fito a 1991. A nan kowane harafi umarni ne, kuma babba daban yake da ƙarami. Ƙaramin j yana sauka layi ɗaya, babban J kuwa yana haɗe layin da na ƙasansa. Ƙaramin x yana goge harafin da ake kai, babban X na bayansa. Mai gyara da ya manta Caps Lock a kunne zai iya cakuɗa layuka goma kafin ya ankara, kuma idan ya danna u don warwarewa, U zai samu, wanda aikinsa daban ne. Shi ya sa masu amfani da Vim da yawa ke mayar da maɓallin ya zama Esc, na Emacs kuma Ctrl.

Tsakanin Najeriya da Nijar

Halin maɓallin ya danganta da tsarin allon. A Najeriya QWERTY aka saba da shi, inda Caps Lock ba ya taɓa jerin lambobi. A Nijar kuwa AZERTY na Faransa ya fi yawa, kuma a Windows kunna Caps Lock a kansa yana sa jerin sama ya ba da 1, 2, 3 maimakon &, é, ". Mai buga takardu a yankin iyaka irin Jibiya da Maraɗi yana iya cin karo da duka biyun. Ƙari a kan haka, AZERTY ya musanya gurbin Z da W, don haka hannun da ya saba da Ctrl+Z sai ya faɗa kan Ctrl+W, wanda ke rufe takardar da ake aiki a kai.