Faifan da ke juyawa tun 1956

Jama'a, ranar Asabar na ɗauki laftop ɗina daga Ɗambatta zuwa Beirut Road a Kano. Kwanan nan ta fara wani ƙas-ƙas a ciki, kuma sai in gama shan shayi ba ta gama tashi ba. Yaron da ya kwance ta ya ce, "Yallaɓai, had disk ɗin ne ya kusa. Sa SSD kawai." Gabana ya faɗi, domin aikin ofis na shekara takwas yana ciki, kuma ba ni da kwafi ko ɗaya.

Abin da ya ciro ya miƙo mini jikan wata na'ura ce da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956. Faya-fayai 50 ne a cikinta, kowanne faɗinsa inci 24, amma duka abin da take ɗauka bai wuce megabait 5 ba. Hoto ɗaya ko biyu na wayarka sun cika ta. Tun daga lokacin girman ya yi ta raguwa, amma dabarar tana nan: faifai yana juyawa, wani ɗan hannu yana shawagi a samansa yana karantawa. Na laftop yakan yi juyi 5,400 a minti. To ka saka wannan a jaka ba ka kashe shi sosai ba, ka hau babur ka bi hanyar ƙauye. Ni ma da laifina.

SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Asalinsa aikin Fujio Masuoka ne, injiniyan Toshiba a Japan, wanda ya ƙirƙiro ma'ajiyar filash a shekarun 1980. A 1991 kamfanin da yanzu ake kira SanDisk ya yi na megabait 20 a kan kusan dala 1,000. Nawa gigabait 256 ne, kuma yanzu kafin in gyara zama ta tashi.

Sai dai yaron ya faɗa mini abin da ya tsaya mini a rai: tsohon yakan yi kuka kafin ya mutu, sabon sau da yawa shiru kawai zai yi, kuma ceto abin da ke cikinsa ya fi wuya.

A gida akwai takardun ajami na kakanmu a cikin gafaka, har yau ana karanta su. Fulofin da na ajiye aikin digirina a kai kuwa, na rasa inda zan zura shi. Don haka kafin in bar kasuwar sai da na sayi wani faifan na waje, na tsaya a kansa ya kwafe komai sau biyu.