Jinin Robert Culley da Hukuncin Mutanen Unguwa

A ranar 13 ga Mayu, 1833, aka soki ɗan sanda Robert Culley da wuƙa a ƙirji, a filin Coldbath da ke birnin Landan. Da ƙyar ya kai wata mashaya da ke kusa, nan rai ya yi halinsa. Rundunar da yake wa aiki, wadda Robert Peel ya kafa a 1829, ba ta cika shekara huɗu ba, talakawa kuwa suna ɗaukarta sojan gwamnati ne aka sauya wa tufafi.

Asalin fitinar shi ne dokar gyaran zaɓe ta 1832, wadda ta bar ma'aikata ba su da ƙuri'a. Ƙungiyarsu ta kira gangami, ministan cikin gida, Lord Melbourne, ya haramta shi, jama'a suka fito duk da haka. 'Yan sanda suka afka musu da kulake. Uku daga cikin 'yan sandan aka soka, Culley kaɗai ya mutu.

Abin lura ga mai nazari shi ne abin da ya biyo baya. An tara mutum 17 daga mazauna yankin, ƙarƙashin wani mai gidan burodi, Samuel Stockton, su binciki mutuwar. Alƙalin binciken ya matsa su ce kisan gilla ne, suka ƙi. Suka yanke cewa kisa ne mai hujja, domin ba a karanta wa taron shelar Dokar Tarzoma ba, wadda ke umartar mutane su watse, kuma 'yan sanda sun yi zalunci ba tare da an tsokane su ba. Wato, a yaren malaman fiƙihu, sun mayar da jininsa hadar. A ganina sun yi daidai wajen tuhumar rundunar, amma sun zarce iyaka da suka ɗora laifinta a kan mutum guda da ba a tabbatar ya zalunci kowa ba.

Gari ya ɗauka da murna. Aka ba mutanen nan lambobin yabo, aka kai su shaƙatawa a kogin Thames, gawar Culley kuwa ihu aka yi mata ranar binnewa. Kafin watan ya ƙare babbar kotu ta soke hukuncin, gwamnati kuma ta ba matarsa, wadda ya bari da juna biyu, fam 200. George Fursey, wanda aka gurfanar kan sukar wani saje a ranar, an sallame shi, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kan jinin Culley ba.