Finafinan da ɗan kallo ke shiga cikin allo: Asali da fitattun misalai

A tarihin silima akwai rukunin finafinai da aka gina labarinsu a kan abu guda: mutum na zaune yana kallon fim, sai ya tsinci kansa a ciki, yana cuɗanya da jaruman da ɗazu yake kallo. Wani lokaci kuma jarumin ne ke ratso allo ya fito cikin jama'a. Galibinsu na barkwanci ne, amma dukkansu na auna tambaya ɗaya: idan rayuwa ta yi wa mutum ƙunci, ko duniyar fim za ta iya zame masa mafaka?

Asalin salon

Fim ɗin da aka fi dangantawa da assasa wannan salo shi ne Sherlock Jr., wanda Buster Keaton ya shirya a Amurka a 1924, zamanin finafinai marasa magana. Keaton ya fito a matsayin mai haska fim a gidan silima, wanda aka yi wa ƙazafin satar agogo. Barci ya kwashe shi a bakin aiki, ya yi mafarkin ya taka ya shige allo. Yana shiga wurare suka riƙa sauyawa a kansa: daga lambu sai titi, sai bakin tsauni, sai tsakiyar zakuna, sai kan dutse a teku. Da yake babu kwamfuta a lokacin, da kayan awon filaye aka riƙa daidaita inda zai tsaya domin hotunan su haɗu.

Fitattun misalai

A 1985 Woody Allen ya fitar da The Purple Rose of Cairo. Labarin Cecilia ne, ma'aikaciyar gidan abinci a jihar New Jersey a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Mijinta ba ya aiki, ga duka, don haka silima ce wurin hutunta. Ranar nan wani jarumi mai suna Tom Baxter ya lura da yawan zuwanta, ya fito daga allo ya same ta, daga bisani ya shiga da ita cikin fim ɗin. A ƙarshe ta zaɓi ɗan wasan da ya fito a matsayin Tom, saboda shi mutum ne na gaske. Shi kuwa yaudararta ya yi: da Tom ya koma allo, sai ya kama hanyar Hollywood ya bar ta.

Last Action Hero na 1993 ya bi ta fuskar finafinan faɗa. Wani yaro maraya, Danny, ya samu tikitin sihiri da ya jefa shi duniyar ɗan sanda Jack Slater, rawar da Arnold Schwarzenegger ya taka. A can harsashi ba ya kashe jarumi. Da mugun fim ɗin ya sace tikitin ya fito birnin New York, sai ya gano cewa a nan azzalumi na iya yin kisa babu mai tanka masa. Fim ɗin ya fito mako guda bayan Jurassic Park, bai kuma yi kasuwar da aka zata ba.

A Pleasantville na 1998, shirin talabijin na baƙi da fari wasu tagwaye suka faɗa, garin da ba a ruwan sama, littattafansa kuma babu rubutu. Zuwansu ya sa launi ya fara bayyana a jikin mutane, sai waɗanda ba su sauya ba suka shiga tsangwamar masu launi, abin da ke tuna wariyar launin fata a Amurka.

The Final Girls na 2015 kuwa labarin wata budurwa ce, Max, da gobara a silima ta sa ta keta allo ta faɗa fim ɗin ban tsoro da marigayiya mahaifiyarta ta fito a ciki tun tana matashiya.

Abin da ya haɗa su

Kowanne na da ƙofar shiga: mafarki, tikiti, rimot ko yagaggen allo. Kowace duniya kuma na da dokokinta, kuma daga karon dokokin nan da hankalin baƙo ake samun dariya. Kuɗin Tom Baxter na wasa ne, ba sa biyan kuɗin abinci a waje. Slater ya naushi gilashin mota a New York, ya yi mamakin jin zafi.

Sai kuma batun dawowa, wanda ba ya zuwa kyauta. Max ta sake rabuwa da uwarta, Danny ya mayar da Slater allo domin kada raunin harsashi ya kashe shi, Cecilia kuma ta yi biyu babu. A fitowarta ta ƙarshe tana zaune a silima ita kaɗai da akwatinta, tana kallon Fred Astaire da Ginger Rogers suna rawa a fim ɗin Top Hat na 1935, murmushi na dawo mata sannu a hankali.