Filin Shivaji da Yaron da Mumbai Ta Raina

Yawancin mutanenmu da suka san wasan kurket, a fim ɗin Lagaan na Aamir Khan suka fara ganinsa, inda talakawan ƙauye suka kara da sojojin Ingila a kan haraji. Mu 'yan tsirarun da muke koya wa yara wasan a filayen makaranta kuwa, sunan da ba ya barin bakinmu shi ne Sachin Tendulkar. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarinsa, kamar yaro ne da aka wayi gari aka tsince shi da katako a hannu ya riga ya iya. Baiwa kam Allah ya ba shi, babu mai musu. Amma kafin a haife shi a 1973, birnin Bombay, wanda aka mayar Mumbai a 1995, ya yi fiye da shekara ɗari yana gina hanyar da yaro irinsa zai bi.

Sai na ɗan yi wa wanda bai saba da wasan ba bayani ɗaya, domin a kansa komai ya rataya. Mai jifa yana neman ya kayar da sanduna uku da ke kafe a bayan mai bugu, shi kuma mai bugu yana kare su da katako yana tara maki. Ɗan ƙwallon ƙafa zai ɓarar da dama goma, ya ci a ta goma sha ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai bugu a kurket kuskure ɗaya ne rabonsa. Da zarar an fitar da shi, sai ya koma inuwa ya zauna yana kallo, wani lokaci har kwana biyu. Saboda haka babban abin da muke koya wa yaro shi ne ya ɗauki sandunan nan da daraja.

Farisawan Bombay, wato mabiya addinin Zarosta da kakanninsu suka yi hijira daga Farisa, su ne 'yan ƙasa na farko da suka kwaikwayi wasan daga Turawa. Sun kafa kulob ɗinsu a 1848, kuma a 1886 suka haɗa tawaga suka je Ingila. Hindu da Musulmi suka biyo baya, kowace al'umma ta gina kulob ɗinta a bakin teku, har yau gine-ginen suna nan a jere. Daga nan aka samu babbar gasar shekara-shekara wadda ake karawa bisa addini: Turawa, Farisawa, Hindu, Musulmi, daga 1937 kuma aka ƙara tawaga ta biyar ta sauran jama'a. Birni yakan tsaya cak dominta. A cikinta ne Palwankar Baloo, mutumin da aka haifa cikin waɗanda tsarin Hindu ya ɗauka ƙasƙantattu, ya zama gwanin jifa na zamaninsa, amma aka ƙi ba shi kyaftin na dindindin saboda asalinsa. Gandhi ya soki gasar don tana raba kan mutane, kuma ta mutu a 1946. Ina ganin gaskiyarsa. Sai dai ta bar gado: jama'ar da ta san wasan ciki da waje, da ɗaruruwan ƙananan kulob a unguwanni.

Gasa biyu ne suka ɗauki wannan gado suka kai shi ga yara. Ta farko Garkuwar Harris, ta makarantun sakandare, wadda ake bugawa tun 1897. Ta biyu gasar Kanga, da aka fara a 1948, wadda ake yi da gangan a tsakiyar damina, fili ya jiƙe, ciyawa ta kai ƙwauri, ƙwallo tana tashi yadda ta ga dama. Wanda ya tara maki 30 a irin wannan fili, ya fi wanda ya tara 100 a busasshen fili koyon darasi. Sakamakon ya fito fili a gasar Ranji, ta jihohin Indiya, inda Bombay ta ɗauki kofi sau 15 a jere daga kakar 1958 zuwa ta 1972. Sunil Gavaskar, wanda ya tara maki 774 a zuwansa na farko tsibiran Karebiyan a 1971, ɗan wannan makaranta ne.

Filin Shivaji yana unguwar Dadar. Da safe yakan cika kamar kasuwar ƙauye ranar cinta: wasanni barkatai a lokaci guda, iyakar wannan ta shige cikin ta wancan, mai tsaron ƙwallon wani wasa yana tsaye ƙeya da ƙeya da na wani wasan. Yaron da ya tashi a nan dole idonsa ya buɗe. A da, a wani gefe na filin akwai ragogin atisaye na wani ma'aikacin banki mai suna Ramakant Achrekar. Sau ɗaya tak ya taɓa buga wasa a babban mataki, amma daga hannunsa Chandrakant Pandit da Pravin Amre da Ajit Agarkar suka fito suka buga wa Indiya.

A 1984 aka kawo masa Sachin, yana da shekara 11. Autan gida ne. Mahaifinsa Ramesh malamin harshen Marathi ne kuma marubuci, mahaifiyarsa Rajni ma'aikaciyar inshora, kuma sunan mai kiɗan fina-finai Sachin Dev Burman aka sa masa. Yaro ne mai ƙiriniya da neman faɗa, yayansa Ajit ya ga gara a ba ƙarfin nan wurin zuwa. Ranar gwaji yaron ya daburce, bai nuna komai ba. Ajit ya roƙi malamin ya sake dubawa, amma ya ɓuya kada yaron ya san ana kallonsa. Achrekar ya laɓe bayan bishiya, ya ga abin da ya gani, ya karɓe shi. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga koci ya sallami yaro bayan minti goma. Yara nawa ne ba su da Ajit da zai roƙa musu?

Ga abin da ya fi burge ni a aikin Achrekar, kuma sai wanda ya taɓa tsayawa a bayan raga zai gane nauyinsa. Sachin ya fara da katakon yayansa, wanda ya yi masa nauyi, don haka ya saba riƙe shi daga can ƙasan mariƙi. A littafin koyarwa wannan kuskure ne. Achrekar ya gwada gyara masa, ya ga bugun yaron ya lalace, sai ya ƙyale shi da riƙonsa. Da wannan riƙo ya buga wasa shekara 24 a duniya. Akasarinmu da mun nace sai yaro ya yi yadda littafi ya ce, domin gyara shi ne abin da ke nuna wa iyaye muna aiki. Sanin abin da ba za ka taɓa ba ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Sai maganar kuɗi a kan sanda. Idan yamma ta yi, yaron ya gaji liƙis, malamin yakan ɗora tsabar rufi ɗaya a kan sandar tsakiya. Duk wanda ya fitar da Sachin ya ɗauka, in kuwa ya tsira har a tashi, tasa ce. Kuma kowa a filin yana iya cafe ƙwallonsa a sama a ƙirga an fitar da shi, don haka dole ya riƙa danne ta a ƙasa. Ya tara irin waɗannan tsabobi 13, kuma ya sha faɗa cewa suna cikin abubuwan da ya fi ji da su.

Amma ainihin sirrin yana kan babur. Achrekar bai yarda da atisaye a raga kaɗai ba. Ya sa aka sauya wa yaron makaranta zuwa Sharadashram, inda shi ne koci, yaron kuma ya bar gidansu a Bandra ya koma wurin kawunsa da matarsa kusa da filin. Idan aka fitar da shi da wuri a wani wasa, malamin zai goya shi a babur ya kai shi wani fili inda ake wani wasan, ya sake shiga. A lokacin hutu kusan kullum yana cikin wasa na gaske, da alƙali, da mai rubuta maki, da abokan hamayya da ba su san shi ba kuma ba sa tausayinsa. Wata rana ya tsallake wasan gwaji ya tafi kallon manyan makarantarsu a filin Wankhede, malamin ya gamu da shi ya tsawata masa sosai, yana nuna masa cewa aikinsa shi ne ya buga a tafa masa. Ni ban yarda da tsananin da wasu malaman wancan zamani suke yi wa yara ba. Amma yawan wasanni, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma shi ne abin da yaranmu suka fi rasawa. Raga ba ta koya wa yaro tsoron fita.

A 1987 ya je Madras yana son zama mai jifa da sauri, Dennis Lillee na Ostireliya ya dube shi ya ce ya koma ga katakonsa. A watan Fabrairun 1988 kuma aka yi wasan da ya fito da sunansa. A wasan kusa da na ƙarshe na Garkuwar Harris, a filin Azad, shi da abokinsa Vinod Kambli suka tara maki 664 tare ba a fitar da ko ɗaya ba, Sachin 326, Kambli 349. Mataimakin koci yana ta ɗaga musu hannu su tsaya haka nan, suna kau da kai, sai da Achrekar da kansa ya ba da umarni ta waya.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. Dilip Vengsarkar, kyaftin ɗin Bombay, ya ga yadda ya fuskanci jifan Kapil Dev a raga, aka sa shi a gasar Ranji a Disamban 1988, ya ci 100 a kan Gujarat yana da shekara 15. Ranar 15 ga Nuwamba 1989 ya fara buga wa Indiya babban wasan kwana biyar a Karachi, yana da shekara 16, a gaban masu jifan Pakistan, Imran Khan da Wasim Akram da Waqar Younis. Maki 15 ya samu, Waqar ya kayar masa da sanda. A wasa na huɗu, a Sialkot, ƙwallon Waqar ta same shi a hanci, jini ya ɓata masa riga, ya ƙi fita, ya kai 57. A watan Agustan 1990, a filin Old Trafford na Manchester, ya ci 119 ba a fitar da shi ba, ya hana Ingila nasarar da ta riga ta sa rai da ita. Ranar nan abin da ya ceci Indiya shi ne haƙurin yaron da ya saba kare tsabar rufi da yamma. Ya yi ritaya a Nuwamban 2013 a Wankhede, bayan manyan wasanni 200, da maki ɗari-ɗari har sau 100 a wasannin ƙasa da ƙasa. A jawabinsa na bankwana ya ce malaminsa bai taɓa yaba masa wasa ba ko sau ɗaya, don gudun kada ya saki jiki.

Ba zan yi adalci ba in na tsaya a nan, domin fili ɗaya da malami ɗaya ne suka raini wasu biyu a wancan wasan na 664. Kambli ɗan talakawa ne, mahaifinsa makaniki, yana shan doguwar tafiya a jirgin ƙasa da jakar kaya kafin ya iso filin. Da yawa a Bombay suna ganin ya fi Sachin baiwa. A 1993 ya ci 224 a kan Ingila, ya bi da 227 a kan Zimbabuwe. Sai 'yan Karebiyan suka gano ƙwallo mai tasowa kai tana ba shi wahala, tarbiyyarsa a wajen fili ta zama abin magana, kuma ya buga babban wasansa na ƙarshe a 1995 yana da shekara 23, wasanni 17 kacal. Ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Sachin yana da Ajit da ke zama da shi suna tattauna kowane bugu, da uba mai natsuwa, da gidan kawu a bakin fili. Na biyun shi ne Amol Muzumdar, wanda ya ɗaura kariyar ƙafa yana jiran layinsa a wancan wasa, layin bai zo ba. Ya tara fiye da maki 11,000 a wasannin cikin gida, ba a taɓa kiransa tawagar ƙasa ba, domin guraben sun cika da su Sachin da Rahul Dravid. Shi ne kocin da ya kai matan Indiya ga kofin duniya a 2025.

Filayen Mumbai ba su daina haihuwa ba. Yashasvi Jaiswal ya zo daga Uttar Pradesh yana yaro, ya kwana a tantin masu gyaran fili a Azad, kuma ya ci 171 a babban wasansa na farko a 2023. Abin da ya sauya shi ne kuɗi da ido. Tun da aka fara gasar IPL a 2008, mai gajerun wasanni na awa uku da gwanjon 'yan wasa, yaro ɗan shekara 14 yana iya zama attajiri kafin ya koyi tsayawa yini guda a gaban sanduna, kuma kowane bugunsa yana yawo a wayoyin mutane. Sachin ya samu shekara biyar yana girma a hannun mutum ɗaya kafin duniya ta sa masa ido sosai. Prithvi Shaw ya ci 546 a Garkuwar Harris a 2013 yana da shekara 14, nan take jaridu suka laƙaba masa sunan sabon Sachin. Ya ci ɗari a babban wasansa na farko a 2018. Biyar ya buga aka ajiye shi bayan wasan Adelaide a Disamban 2020, yana da shekara 21, kuma raunin da aka kama shi da shi, giɓi tsakanin katako da ƙafa, irin wanda ake toshewa ne a raga tun yaro yana aji biyu na sakandare.