Tarihin Gasar Katin Hoto Na Kwamfuta

A yau za mu waiwayi gasar da aka yi tsakanin kamfanonin da ke ƙera katin hoto, wato ɗan allon nan da ake sakawa a cikin kwamfuta domin ya zana duk abin da kuke gani a fuskarta.

A shekara ta 1996 wani kamfani na jihar Kalifoniya a Amurka mai suna 3dfx ya fitar da katin Voodoo. Katin bai iya komai ba sai zana hotuna masu zurfi irin na wasannin kwamfuta, dole sai an haɗa shi da wani katin na daban kafin a ga rubutu. Amma fa wajen sauri babu kamarsa. Masu shirya wasanni suka rungumi yarensa na musamman mai suna Glide, wanda katin wani kamfani ba ya ji.

To sai dai a nan ne gizo ya yi saƙa. Kamfanin Nvidia, wanda aka kafa a 1993, ya bi tsarin Direct3D na Microsoft da kuma OpenGL, waɗanda kowane kamfani zai iya amfani da su. A 1999 katinsa na TNT2 yana nuna launuka sama da miliyan 16, alhali Voodoo3 yana yin zanen wasanni ne da launuka kimanin dubu 65. Shugabannin 3dfx sun ɗauka sauri kawai mutane ke nema. Ban da haka, sun sayi kamfanin STB domin su riƙa haɗa katinsu da kansu, lamarin da ya sa tsofaffin abokan cinikinsu irin su Creative da Diamond suka koma wajen Nvidia. A ƙarshen 1999 aka fitar da GeForce 256, wanda ya ɗauke wa ƙwaƙwalwar kwamfuta lissafin haske da na jujjuya siffofi. Katin Voodoo5 ya zo a 2000 da fasahar goge kaushin gefen hoto, kowa ya yaba kyan hotonsa, amma ya makara. A watan Disamba na wannan shekara Nvidia ta saye kadarorin 3dfx.

Daga nan fagen ya rage wa Nvidia da kamfanin ATI na ƙasar Kanada, kuma faɗan ya koma kan direba. Direba dai wata manhaja ce da ke tafinta tsakanin wasa da kati. Idan tafinta bai iya ba, komai tsadar kati sai hoto ya riƙa yagewa ko kwamfuta ta tsaya cik. Nvidia ta yi suna wajen direbobinta na Detonator, ita kuwa ATI ta daɗe tana shan suka, har sai da ta ɓullo da Catalyst a 2002, shekarar da katinta na Radeon 9700 Pro ya sha gaban kowa.

Ga inda ya kamata ku kasa kunne sosai. A 2001 masu gwaji suka gano cewa direban Radeon 8500 yana gane wasan Quake III da sunansa, sai ya rage ingancin hoto a ɓoye domin alƙaluman sauri su tashi. Da suka canja sunan fayil ɗin zuwa Quack, hoto ya gyaru, sauri ya ragu. A 2003 kuma kamfanin Futuremark na ƙasar Finland ya bayyana cewa direban Nvidia yana tsallake wani ɓangare na aikin zane a gwajin 3DMark03. Ka ga kenan kowanne daga cikinsu an taɓa kama shi da rage mudu. Tun daga lokacin masu gwaji na kirki ba sa tsayawa kan lamba kaɗai, sai sun ajiye hoton wannan kati kusa da na wancan sun duba da ido.

A 2006 kamfanin AMD ya sayi ATI a kan dala biliyan 5 da miliyan 400, kuma har yau shi ke ƙera Radeon. Nvidia kuwa ta buɗe katinta ga lissafin kimiyya ta hanyar manhajar CUDA, kuma a 2012 katin GeForce guda biyu masu bincike na jami'ar Toronto suka yi amfani da su wajen horar da AlexNet, wanda ya buɗe sabon babi a fannin ƙirƙirarriyar basira.

Saboda haka mai sauraro, ranar da za ka sayi kati, musamman na hannu, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Ka nemi a kunna maka ka ga hoton da idonka, sannan ka bincika ko kamfanin yana ci gaba da fitar masa da sabon direba.