Horar da sabbin ma'aikatan jinya a Asibitin Malam Aminu Kano

Horar da sabbin ma'aikatan jinya shiri ne da asibiti kan yi wa nas-nas da ungozomomin da aka ɗauka aiki, kafin a bar musu kula da marasa lafiya su kaɗai. A Kano, ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake irin wannan horo shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya, a unguwar Gyadi-Gyadi, ƙaramar hukumar Tarauni.

Asali

An kafa asibitin a 1988 domin koyar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero. Ya fara aiki ne a harabar Asibitin Murtala, daga baya ya koma mazauninsa na dindindin. A 2002 aka fara dashen ƙoda a cikinsa. Irin wannan aiki, da wankin ƙoda, da kula da jariran da aka haifa bakwaini, suna buƙatar ƙwarewar da ta wuce abin da nas ya koya a makaranta.

Sharuɗɗa

Ba a ɗaukar nas aiki a Najeriya sai yana da rajista da lasisin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Wanda ya yi digirin jinya a jami'a yakan shekara biyar yana karatu, sannan ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. A aikin gwamnatin tarayya kuma, sabon ma'aikaci yakan yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi.

Yadda horon yake

A asibitocin koyarwa, akan fara da bayani kan dokokin aiki, da riƙe sirrin mara lafiya, da yadda ake rubutu a fayil. Daga nan sai a zagaya da sabbin ma'aikata sassa kamar tiyata, da ɗakin haihuwa, da ɓangaren yara, da na agajin gaggawa, kowa a ƙarƙashin babbar nas. A nan ake gwada su wajen lissafin magani, da sa ƙarin ruwa, da lura da wanda ake wa ƙarin jini, da miƙa aiki tsakanin masu aikin safe, yamma da dare. Kuskure a lokacin miƙa aiki na iya sa a maimaita wa mara lafiya magani, ko a tsallake shi.

Kariya daga cututtuka

Ana ba wanke hannu, da sa safar hannu da takunkumi, da zubar da allura a akwatinta muhimmanci na musamman. A Janairun 2020, zazzaɓin Lassa ya yi sanadin rasuwar likitoci biyu na wannan asibiti, abin da ya nuna haɗarin da ma'aikatan lafiya ke ciki.

Ƙalubale

Ficewar ƙwararrun nas-nas zuwa Birtaniya, Saudiyya da Amurka na rage waɗanda za su koyar da na baya. A Fabrairun 2024 majalisar ta gindaya sharaɗin yin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita waje, matakin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas.