Kayan miya: wanda ya bushe shi ke zuwa nesa

Ƴan uwa masu karatu, ku duba kayan miyar gidanku. Ga gishiri, ga kanumfari, ga barkono, ga daddawa. Kun san inda kowane ya fito?

Mu fara da gishiri. Tun zamanin kakanni, in kaka ta yi, Buzaye sukan tashi daga Abzin da raƙuma dubbai. Su ratsa rairayin Tenere, su kai hatsi Fashi da Bilma, su ɗauko kantu da beza da dabino. A ƙarshen shekara ta 1850, wani Bajamushe mai suna Barth ya bi ayarin gishiri daga Abzin har Damargu, kan hanyarsa ta zuwa Kano. Gishirin yakan yi watanni bisa hanya, amma ba ya ɓaci. Ruwa kaɗai ne abokin gabansa.

Kanumfari ya fi shi nisa. Asalinsa wasu tsibirai ne na ƙasar Indunisiya. Fatake suka yi ta miƙa shi hannu da hannu har ya iso mu. Sunansa ma daga Larabci muka aro shi. Busasshe yake zuwa, kuma ba a dake ba. Shi ya sa ƙanshinsa bai gudu ba.

Barkono, wanda wasu ke ce ma tonka, baƙo ne. A nahiyar Amurka aka fara noma shi. Sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawa suka tsallako da shi. Kafin nan, masoro da kimba da citta ke ba miya yaji.

Daddawa kuwa tamu ce. Iyayenmu mata ke dafa kalwa ko gurguzu, su rufe har ya ruɓa, su daka, su shanya. Ganyen albasa ma sukan daka shi, su shanya ya zama gabu. Da wannan dabara miya ba ta rasa daɗi har cikin bazara.

To, mine ne darasin? Abin da aka busar sarai, aka bari bai daku ba, shi ke daɗewa. Busasshen barkono na iya shekara. In an daka shi, cikin ƴan watanni ƙarfinsa zai ragu. Saboda haka ku daka kaɗan-kaɗan. Ku zuba cikin kwalba ko gwangwani mai marfi, nesa da murhu da rana. Kada ku sa jiƙaƙƙen cokali ciki. Da damina ku riƙa dubawa. Wanda ya yi fumfuna, ku zubar, don yana cutar da hanta. Gishirin leda mai iyodi, wanda ke hana maƙoƙo, shi ma a rufe shi, don zafi da laima na rage amfaninsa.

Kun sha wuya kafin ku samu kayan nan. Kada ku bari laima ta cinye muku su.